Hotunan Makka da Yadda Uwargida Za Ta Adana Su

  Da fatan kin sauke tukunya, yara sun ci sun fita wasa, domin zancenmu na yau yana son ki zauna ki ba ni kunnuwanki duka biyu.

Abin da ya jawo zancen, jaje na je Gummi bayan ambaliyar watan Agusta na 2024, wadda ta rushe gidaje masu yawa a garin. Na tarar da wata gwaggona a gidan da aka ba su aro, ta baza wasu 'yan takardu a kan faifai tana shanyawa a tsakiyar rana. Da na matsa kusa sai na ga hotuna ne, sun manne da juna kamar an shafa musu ƙaro, tana ta ɓamɓare su da farce. Ta ɗago ɗaya ta ce mini: "Ɗiyata, katifa ta tahi, hatsi ya tahi, ban yi kuka ba. Amma wanga hoto, nan ɗai nika ganin Malam." A Madina suka ɗauke shi ita da maigidanta, shekarar da suka sauke farali tare, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Na karɓa na duba. Fuskar Malam ta riga ta bi bayan ɗayan hoton, saura hula da rabin kafaɗa. Ban gaya mata ba a lokacin, amma ruwan bai kai rana da farcen nan ɓarna ba. Zan dawo kan wannan.

Ke ma kin sani, a nan wajenmu, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, idan aka ce mace ta fita ƙasar waje, to galibi Makka ake nufi. Akwai masu zuwa Ƙonni da Maraɗi ziyarar dangi, akwai 'yan kasuwa masu zuwa Dubai saro kaya, akwai waɗanda jinya ta kai Masar ko Indiya, Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi. Amma tafiyar da mace take tara kuɗinta shekara da shekaru, ta sayar da sa, ta sayar da tumaki, ta kwashi adashe, ita ce ta aikin Hajji. Da yawa sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Dabinon tsaraba ba ya wata ɗaya, zamzam a raba shi a ƙananan kofuna ya ƙare, turare ya bushe. Abin da ke saura shi ne haƙorin Makka, da labari, da hoto.

Kakanninmu ba su san wannan ba. Su da ƙafa suka tafi, ko a kan jaki da raƙumi, su bi ta Kano da Barno, su ratsa Cadi da Darfur, su kai bakin Bahar Maliya a Sudan, sannan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Ana yin shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a sami guzuri. Wata ta bar gida da goyo, ta dawo yaron ya isa aure. Wasu ba su dawo ba sam, shi ya sa har yau akwai Hausawa da Fulani masu yawa a Sudan, kamar mutanen garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Duk wannan wahala ba hoto ko ɗaya. Alhali kuwa a lokacin an riga an fara ɗaukar hoto a can. Wani injiniyan sojan Masar mai suna Muhammad Sadiƙ Bey ya ɗauki hoton Madina tun 1861, ya ɗauki na Makka a 1880. A shekarun 1880 ɗin kuma wani likita ɗan Makka, Abdulgaffar, ya ɗauki hotunan Harami da Mina da Arfa, aka buga su a Turai. Kyamarar wancan zamani kaya ce guda, sai da dabba ake ɗaukar ta, ba abin talaka mai tafiya a ƙasa ba ce.

Da jirgin sama ya zama hanyar alhazai, sai hoto ya shigo tun kafin ma a bar gida, domin ba fasfo sai da shi. Iyayenmu mata da yawa, hoton fasfon Makka shi ne hotonsu na farko a duniya, wasu kuma shi ne na ƙarshe. A zo da mai hoto har zaure, a kafa farin ƙyalle a bango, a ce Hajiya ta gyara mayafi fuska ta fito, ita kuwa kunya ta hana ta ɗaga ido. Shi ya sa za ki ga tsofaffin hotunan fasfo duk fuska a ɗaure kamar an yi musu laifi. A da akwai fasfon alhazai na musamman. Najeriya ta fito da sabon fasfo mai na'ura a 2007, daga 2009 kuma Saudiyya ta ce kowa sai da fasfon ƙasa da ƙasa, don haka dole maniyyaciya ta je ofis da kanta a ɗauki hotonta da zanen yatsunta. Idan akwai tsohon fasfon Inna ko na kaka a cikin adaka, kada ki bari yara su yi wasa da shi. Akwai hoto, akwai shekara, akwai hatimin Jidda. Takardar tarihin gidanku ce.

To, a can ƙasa mai tsarki fa? Waɗanda suka je a shekarun 1980 da 1990 za su gaya miki ba a shiga Harami da kyamara, askarawa na bincika jaka a ƙofa. Saboda haka yawancin abin da muke kira hoton Makka a shagon mai hoto aka ɗauke shi. Akwai labule mai zanen Ka'aba ko koren ƙubbar Madina, ki tsaya gabansa da baƙar abaya, ki ɗaga hannu kamar mai addu'a, maigida ya ɗaura rawanin Larabawa da baƙar igiya a ka. Yaran gida kuwa sai su rantse a jikin Ka'aba Hajiya ta tsaya. Akwai kuma masu raƙuma a gindin Dutsen Rahama a Arfa, lokacin ziyara, raƙumin ya sha ado da furannin roba. Su kyamararsu mai fitar da hoto nan take ce, ƙirar Polaroid. Kafin ki ankara an ɗana miki, an miƙo hoto, ana neman riyal. Mata nawa suka biya kuɗin hoton da ba su ce a ɗauka ba, don gudun rigima da wanda ba ka jin harshensa!

Kin tuna 'yar kyamarar robar nan ta tsarabar yara? Ka kanga ido a 'yar ƙofa, ka danna, sai ga Ka'aba, ka sake dannawa sai ga masallacin Madina. Mu dai a cikinta muka fara ganin Makka, muna layi a tsakar gida, mai ita tana ƙidaya mana dannawa uku-uku.

Wanda ya tafi da kyamarar fim kuwa, abin lissafi ne. Fim ɗaya hoto 24 ne ko 36, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an dawo gida an kai Gusau ko Sakkwato an wanke. Wani lokaci a buɗe bayan kyamara bisa kuskure haske ya shiga, tafiyar gaba ɗaya ta ƙone. Amma fa abin da ya fito, ana riƙe shi da daraja.

Kada ki raina waɗannan tsofaffin hotuna don sun yi ja ko sun dushe, musamman waɗanda aka ɗauka a waje, a kan titi ko a Mina. Makkar da ke cikinsu yanzu babu ita. Tantunan Mina na da na yadi ne, sai bayan gobarar 1997 da ta ci mutane sama da 300 aka kafa waɗanda wuta ba ta kamawa da sauƙi. Wurin jifan Shaiɗan ginshiƙai ne a da, aka mai da su dogayen bangaye a 2004, bayan turmutsutsun 2006 kuma aka rushe gadar aka gina mai hawa-hawa. Inda dogon ginin agogon nan yake, wanda aka gama a 2012 mai tsawon mita 601, dutse ne da tsohuwar ganuwar Turkawa a kansa, an rushe ta a 2002. Manyan lemomin harabar masallacin Madina guda 250, a 2010 aka gama kafa su. Kin ga ke nan idan hoton Inna ya nuna filin Madina ba lema, ya gaya miki wani abu game da shekarar da ta je, ko da ita ta manta.

Yanzu bari mu zo kan abin da ke kashe hoto. Hoto mai kala, rini ne kala uku aka shimfiɗa a kan takarda, aka riƙe su da wani abu mai kama da ƙaro. Rinin nan ba tare suke dushewa ba. Mai shuɗi-shuɗin yakan riga sauran tafiya, shi ya sa hotunan da suke komawa ja ko ruwan goro. Zafi yana gaggauta wannan, hasken rana ma haka. Hoton baƙi da fari ya fi jurewa, don shi da sinadarin azurfa aka yi shi. Shi kuma ƙaron nan, da ya ji danshi sai ya kumbura ya yi danƙo, ya kama duk abin da ke kusa da shi, gilashin firam ne ko wani hoton. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera. Ɗakunanmu na ƙasa da rufin kwano sun haɗa duka: zafin bazara, danshin damina, da gara mai bin bango.

Saboda haka hoton da kike ji da shi, kada ki rataye shi a bangon da rana ke bugawa ko wanda ke tsattsafo da damina. Ki kai a yi miki kwafi, ki rataye kwafin, ki ɓoye na asalin. Wurin ɓoyon kuma ba ƙarƙashin katifa ba, ba ƙasan gado ba. Ki sami gwangwani mai murfi, irin na biskit ko na alewa, ki jera hotunan da farar takarda tsakanin kowane biyu, ki ɗora a can saman kabad ko saman jeren kwalla, inda ruwa ba zai kai ba ko ya shigo ɗaki. Da rani ya kama, iskar hunturu ta busar da gari, ki buɗe su sha iska a inuwa.

Albam ɗin nan mai danƙo a shafi da leda a sama, wanda aka yi yayi, ba abokin hoto ba ne. Danƙon yana komawa rawaya ya ci bayan hoton, ranar da kika so cirewa sai ya yage. Mai aljihu-aljihu ya fi. Sannan don Allah a daina kai hoton asali a liƙe shi da leda mai zafi kamar katin shaida. Na san ana yi ne don tsoron ruwa, amma zafin injin yana taɓa rinin, kuma in an liƙe an liƙe ke nan, ba mai iya cirewa. In za a liƙe, a liƙe kwafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hoto ba suna. Ki ɗauko hoton mata shida cikin atamfar alhazai iri ɗaya, ki tambayi 'yan gida, a ce wannan dai Hajiya Babba ce, sauran Allah masani. Alhali su ne suka kwana ɗaki ɗaya da ita kwana arba'in, suka riƙe hannunta wurin ɗawafi. Ki juya bayan hoton ki rubuta shekara, da wuri, da sunan kowa da garinsu, wannan 'yar Nasarawar Burkullu ce, wannan daga Daki Takwas. Da fensir za ki rubuta, a hankali, can gefe, domin tawadar biro tana ratsawa kuma tana shafar hoton da ke ƙasa. Idan bayan hoton mai santsi ne fensir ya ƙi kamawa, ki rubuta a 'yar takarda ki haɗa su. Da boko ko da ajami, duk wanda kika iya. In ba ki iya ba, ɗiyarki 'yar makaranta tana nan.

Mu koma kan gwaggona. Idan ruwa ya ci hotuna, Allah Ya kiyaye, kada ki bari su bushe a manne, kada kuma ki ɓamɓare da ƙarfi. Ki zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a roba, ki sa su ciki, ki bar su su saki da kansu, ki raba su a hankali kina riƙe gefe. Ki ɗauraye laka ba tare da kin goga fuskar da yatsa ba. Sai ki shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan zane mai tsabta, fuska tana sama, a inuwa inda iska ke ratsawa. Ba a rana ba, ba kusa da murhu ba. Dama a cikin ruwa aka wanke hoton tun farko, shi ya sa yake jure ɗan jiƙo. Amma wannan ga hoton da aka wanke a shago ne. Wanda aka buga da injin tawada na kwamfuta, ruwa na taɓa shi yake zuba. Wanda kuma ya kama gilashin firam, ki fara ɗaukar hotonsa da waya ta cikin gilashin kafin a taɓa komai.

Na san wata za ta ce, ai mu yanzu waya muke da ita, wannan zancen tsofaffi ne. To ke ce ma na fi jin tsoro a kanki. Mai fim ta dawo da hoto 36 kuma suna nan bayan shekara talatin. Ke kin dawo da ɗari biyar, ina suke bayan shekara uku? Waya ta faɗa rijiya, ko an sace a kasuwa, ko an kai gyara an goge komai, ko yaro ya share don ya sami wurin sa wasa. Katin memori ma yana mutuwa rana ɗaya ba sallama. Mu kuma a yankin nan muna da abin da ya fi wannan. Mun ga yadda 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, kamar harin farkon watan Janairu na 2022, mata suka fito da abin da ke jikinsu kawai. Kuma waya tana cikin abin da ake fara ƙwacewa a hanya.

Dabarar ita ce kada hoto ya zauna wuri ɗaya. Ki zaɓi goma ko ashirin da suka fi miki, ki kai a wanke a takarda. Ki tura wa 'yar uwarki da ke aure a Gusau ko Sakkwato ko Kano, ta ajiye a tata wayar. Sai dai ki sani WhatsApp yana rage ƙarfin hoto idan an tura shi kai tsaye, in an zo wankewa babba sai ya fito dishi-dishi. Ki sa a nuna miki yadda ake tura shi a matsayin fayil. Akwai kuma ajiya a intanet, irin ta Google, wadda ke ba da wuri kyauta har gigabait 15. Tana da kyau, amma da sharaɗi. Ki san adireshin da lambobin sirrin da kanki, ki rubuta ki ɓoye, kada ya zama mai shagon caji ne kaɗai ya sani. Kuma kamfanin ya sanar cewa daga Disamba 2023 yana iya share asusun da aka yi shekara biyu ba a buɗe ba. Kin kuma tuna watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara, wasu wurare har kusan wata uku. Mai hoto a intanet kaɗai a lokacin ba ta da abin nunawa. Tsofaffin na takarda su ma ki ɗauke su da waya: ki shimfiɗa a inuwa da safe, ki kashe fitilar kyamara, ki riƙe wayar daidai saman hoton.

Ke kuma maniyyaciya mai shirin tafiya, Allah Ya sa ki je lafiya ki dawo lafiya, ga naki. Malamai sun yi saɓani a kan hoto, wasu sun ƙyale wasu sun hana, wannan ki tambayi malaminku wurin bita. Abin da ba saɓani a kansa shi ne ibada ba a yin ta don a gani. Na ga mata sun juya wa Ka'aba baya, sun ɗaga hannu ɗaya, suna cewa ƙawa ta ɗauka, in bai yi kyau ba a sake addu'ar. Haba Hajiya! Kuɗin sa nawa kika biya? Ga tare hanya ga masu ɗawafi, tsofaffi na bayanki ana matsa su. A ƙarshen 2017 ma sai da hukumomin Saudiyya suka aika wa ƙasashe sanarwar hana ɗaukar hoto a masallatan biyu saboda irin wannan. Dokokin sukan sauya, don haka ki bi abin da jami'an alhazai suka faɗa muku a shekarar da kika je, in askar ya ce ki sauke waya ki sauke. Kada ki ɗauki matan mutane ba izini, ko askarawa, ko wanda ya faɗi ko ya rasu. Dokar ƙasar ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Haka 'yan ɗakinku: mace ta cire hijabi tana shan iska, ki ɗauka ki tura zauren WhatsApp na dangi, daga nan ba ki san inda zai tsaya ba. Aure ya sha girgiza a kan ƙasa da wannan.

Kuma ni a ganina hoton gini ba shi ne abin ɗauka ba. Ka'aba da ginin agogo, ƙwararru sun ɗauke su fiye da yadda za ki iya, suna kan kowace kalanda. Abin da ba wanda zai ɗaukar miki shi ne naki: tsohuwar da kika riƙa tura kekenta, tiren da kuka haɗu kuna cin tuwon 'yan Takari, ƙofar masaukinku, jakunkunanku a filin jirgi kuna jiran tashi, ƙafarki da ta kumbura bayan dawowa daga jifa. Ki goge idon kyamarar da gefen mayafi, ki sa rana ta kasance bayan mai ɗauka, da safe ko bayan la'asar, ki matsa kusa maimakon jawo hoton da yatsa. Ki ɗauki abokan tafiya tun ranar farko, da izininsu. A turmutsutsun Mina na 24 ga Satumba 2015 Najeriya ta rasa alhazai sama da 270, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jaridar da ta buɗe wa matan Arewa hanya a wannan aiki namu. Gidaje da yawa, hoton da wata abokiyar tafiya ta ɗauka shi ne ganinsu na ƙarshe da nasu.

Saura abu ɗaya. Wayar nan tana ɗaukar murya. Idan akwai tsohuwa a gidanku da ta je Makka tun zamanin jirgin Nigeria Airways, wanda ya daina tashi a 2003, ki zauna da ita bayan sallar isha'i, ki miƙa mata hoton, ki danna ɗaukar murya, ki ce: "Inna, wace ce wagga ta kusa gare ki?" Sai ki yi shiru. Za ta gaya miki wanda ya biya kujerar, da abin da aka sayar, da yadda cikinta ya juya da jirgi ya tashi, da wadda ta ɓace a Mina aka gano ta bayan kwana biyu. Kada ki katse ta ko ta karkace zuwa wani labarin.

Gwaggona ta Gummi kuwa, mun aika wa dangi cigiya, aka dace wata ɗiyar ƙanen Malam da ke aure a Anka tana da irin hoton, domin biyu aka wanke tun a Madina. An ɗauke shi da waya, an wanke guda huɗu, an raba gida huɗu. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba guzurin maniyyaciya, abin da ake ɗauka da abin da ake bari a gida. A gaida maigida da yara. Wassalamu alaikum.